Likitan da Ya Ƙi Yin Shiru: Labarin Bulus Vinye

Mai karatu, in ka tashi daga Tasawa ka bi babbar hanya zuwa gabas, kamar mai zuwa Damagaram, ba za ka yi nisa ba sai ka iso Maijirgi. A garin nan akwai kaburbura biyu na Nasara. Na kyaftin biyu ne na sojan Faransa, Voulet da Chanoine, waɗanda a bakinmu za mu ce Vule da Shanwan. Sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli na shekarar 1899. Kafin su iso nan sun baro toka da gawa a bayansu tun daga bakin Kwara. Su biyun an san inda aka sa su. Dubban talakawan da suka kashe kuwa, maza da mata da yara, ba su da kabari mai alama, ba kuma wanda ya rubuta sunayensu.

Wannan ɗan littafi labarin mutum na uku ne, ɗan ƙasarsu, wanda ba shi da dangi ko gona a wajenmu, amma ya miƙe a gaban manyan Faransa ya nemi a bi hakkin jinin kakanninmu. Da rubutun Faransanci sunansa Paul Vigné d'Octon. Paul shi ne Bulus, saboda haka bari mu kira shi Bulus Vinye. Shi ba fasto ba ne, ba kuwa mai bishara ba. Likita ne. Ku tara yara bayan tuwon dare ku karanta musu labarinsa, gama akwai abin koyo a ciki.

Ɗan mai gashin burodi

An haifi Bulus Vinye ran 7 ga watan Satumba 1859 a birnin Mompeliye, a kudancin Faransa. Ubansa mai gashin burodi ne. Gidansu ba na sarauta ba ne, ba kuma na masu dukiya ba. Uwarsa mai ibada ce, ubansa kuwa ba ruwansa da addini, yaron ya tashi tsakanin su biyu.

Yana wajen shekara 11 sai yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus, a 1870. Jamus ta ci, ta ƙwace wa Faransa yankuna biyu na gabas. Kunyar nan ta daɗe tana cin manyan ƙasar. Da yawa daga cikinsu suka juya fuska wajen Afirka da Asiya, domin su nemo a waje girman da suka rasa a gida. Ana gaya wa yara cewa kai tutar Faransa ƙasashe masu nisa aikin kirki ne, wai haske ake kai wa mazauna duhu. A cikin irin wannan magana Bulus ya girma.

Allah ya ba shi kaifin hankali. Ya karanta aikin likita, ya shiga aikin lafiya na sojan ruwa. Da fari aka aika shi tsibirin Gwadalub, can wajen Amurka, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suke zaune. Daga baya, wajen 1885, aka kawo shi Afirka ta Yamma, ƙasar Senegal da kogunan bakin tekun Gine.

Abin da idonsa ya gani

A shekarun nan ne Turawa suka zauna a birnin Balin na Jamus, daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885, suna shirya yadda za su raba Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba. Ba a gayyaci sarkin Afirka ko ɗaya ba. A bakin teku kuwa aikin ya riga ya kankama. Idan wani sarki ya ƙi sa hannu a takarda, ko ya saɓa da fatake Nasara, sai a aika soja su yi abin da suke kira horo. Jirgi ya hau kogi da igwa. A buɗe wa gari wuta, a ƙone ɗakuna da rumbuna, wanda ya tsira ya shiga daji. Sa'an nan kwamanda ya rubuta wa na gaba da shi cewa an kwantar da ƙasa, a ba shi lambar girma.

Vinye ya bi irin wannan fita, gama dole ne likita ya bi soja. Likita kuwa yana ganin abin da mai karanta rahoto a ofis ba ya gani. Shi ne mai zuwa bayan an daina harbi. Shi ne mai sanin ko wanda harsashi ya samu jarumi ne, ko kuwa tsohuwa ce da ba ta iya gudu ba. Ya kuma ga samarin Faransa, 'ya'yan manoma da masu aikin hannu, suna mutuwa da zazzaɓi da shawara da atini a ƙasar da ba su sani ba, saboda wani abin da ba wanda ya bayyana musu.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya fara rubuta wa jaridun Paris abin da ya gani, amma da sunan aro, domin mai kakin gwamnati ba shi da izinin faɗin irin wannan. Kafin 1890 ya ajiye aikin sojan ruwa gaba ɗaya. Ya auri wata mace daga ƙauyen Okton, ya ƙara sunan ƙauyen a kan nasa, ya shiga rubuta littattafai. Ɗaya daga cikinsu, na 1892, ya sa masa suna Ƙasar Mutuwa.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya a kansa, gama shi ma mutum ne. A littattafansa na fari akwai maganganun raini a kan baƙar fata, irin waɗanda Turawan zamaninsa suka saba yi. Da fari ma gyara yake nema a yi wa mulkin mallaka. Sannu a hankali idonsa ya buɗe, har ya kai ga ƙin abin daga tushensa.

A cikin majalisa

A 1893 ya tsaya zaɓe a yankin Lodev, kusa da ƙauyen matarsa. Lodev gari ne da aka daɗe da saninsa da saƙar yadin kakin soja. Abokin takararsa kuwa babban malami ne mai suna Paul Leroy-Beaulieu, wanda tun 1874 ya rubuta babban littafi yana koya wa Faransa amfanin kama ƙasashen wasu. Duk da haka talakawa suka zaɓi ɗan mai burodi. Suka sake zaɓensa a 1898 da 1902. Ya yi shekara 13 a majalisar dokoki ta Paris.

A 1894 gwamnati ta nemi kuɗi domin ta kai yaƙi tsibirin Madagaska. Vinye ya miƙe ya ƙi. Majalisa ta ba da kuɗin. A yaƙin na 1895 sojan da cuta ta kashe sun fi 5,000, waɗanda suka faɗi a bakin daga kuwa ba su kai 30 ba. Likita ya riga ya san irin wannan mutuwa, amma ba a saurare shi ba. A ƙarshen watan Agusta 1897 kuma soja suka auka wa garin Ambiki na tsibirin nan, suka kashe sarkinsa Toera da jama'a mai yawa, alhali sarkin yana shirin miƙa wuya. Vinye ya tattara shaida a kan wannan ma, ya ajiye. Ana nan sai labarin ƙasarmu ya iso Paris.

Abin da ya faru a ƙasarmu

A watan Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka a takarda. Ƙasar da ke kewaye da Sakkwato, mai ruwa da abinci, ta faɗa wa Ingila. Faransa kuwa tana gaggawar isa tafkin Cadi. Sai ta naɗa Vule da Shanwan su bi ta ƙasar Hausa su kai can. An san halinsu, gama su ne suka ci Wagadugu a 1896 da wuta da takobi, aka kuma yaba musu. Uban Shanwan janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi a 1898.

Nasara tara ne a cikin tafiyar. Sauran duka baƙar fata ne: soja, da mahaya, da 'yan dako da aka kama da ƙarfi, da mata. Jama'ar ta wuce mutum dubu nesa. Gwamnati ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba. Ku duba fa. In ka aiki mutum dubu da bindigogi su ratsa ƙasa da rani ba guzuri, ka riga ka san rumbun da za su ci, ko da ba ka faɗa da bakinka ba.

A watan Janairu 1899, a Sansanin Hausa ta bakin Kwara, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. A watan Afrilu suka isa Lugu, inda Sarauniya da mutanenta suka tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka bar babban gari kango. Ɗan dakon da ya gaji a kashe shi. Jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi. Garin da ya gudu a ƙone shi, wanda ya tsaya ma a ƙone shi.

Wani laftanan mai suna Péteau ya rabu da su tun a Janairu. Ya rubuta wa budurwarsa wasiƙu yana ba ta labarin abin da ake yi. Wasiƙun suka bi hannu har suka kai ga ministan ƙasashen mallaka. A watan Afrilu aka umarci wani hafsa mai suna Klobb, wanda ya riƙe Tumbutu, ya bi sawunsu ya bincika. Ya yi tafiyar da ta fi kilomita 2,000. Bai bukaci jagora sosai ba, gama ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawa su ne suka nuna masa hanya. A Koran Kalgo, nan kusa da mu, an hallaka mata da yara da yawa a ranakun ƙarshe na tafiyar.

Ran 14 ga Yuli 1899, ranar babbar sallar ƙasar Faransa, Klobb ya sadu da Vule a Dankori. Vule ya riga ya aika masa cewa kada ya matso. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya ci gaba a kan dokinsa. Vule ya sa aka buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa Meynier ya ji rauni. Daga nan Vule ya gaya wa hafsoshinsa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa mulkin kansa. Amma sojojin da suka yi wata da watanni suna yi masa biyayya suka juya. Ran 16 ga Yuli suka harbe Shanwan a Maijirgi. Kashegari da safe Vule ya nemi komowa sansani, mai gadi ya harbe shi.

Mutuwarsu ba ta tsai da tafiyar ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka kama Damagaram a ƙarshen Yuli. A watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuren Daga. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kusuri, bakin kogin Shari. Abin da aka aiki Vule ya yi dai an yi shi, Faransa kuwa ta riƙe ƙasar.

Vinye ya miƙe

Da labari ya kai Paris aka yi ta hayaniya. Amma abin da ya fi tada hankalin jaridu shi ne hafsan Faransa ya harbe hafsan Faransa. Jinin Klobb aka fi gani. Na mutanen Ƙonni da Koran Kalgo kuwa sai ka ce ruwan sama ne da ƙasa ta shanye.

Lokacin kuma mai wuya ne ga mai sukar soja. Ƙasar ta rabu biyu a kan shari'ar wani hafsa Bayahude mai suna Dreyfus, wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba. Duk wanda ya taɓa mutuncin soja sai a ce masa maci amanar ƙasa. A cikin wannan zafi ne Vinye ya fitar da littafinsa na 1900, wanda ya sa wa suna Darajar Takobi, da gatse. Babban kamfanin da ya shirya fitar da shi ya janye hannu, sai ta wata hanya littafin ya fito.

A ƙarshen shekarar nan ya hau mumbarin majalisa. Abin da ya tsaya a kai shi ne wannan: Vule da Shanwan ba su ƙago sabon abu ba. Abin da suka koya suka yi, sai dai sun ƙara gishiri. Ya kawo labarin Ambiki. A littafinsa ya riga ya kawo na Sikaso, a ƙasar Mali ta yanzu, wadda aka ci a 1898, aka raba kamammun mutane ga soja kamar ganimar awaki, alhali Faransa ta hana bauta a dokarta tun 1848. Da haka ake biyan sojan da ba a ba albashin kirki ba. Saboda haka ya ga laifin bai tsaya a kan matattu biyu da ke kwance a Maijirgi ba. Ya hau har kan waɗanda suka aike su, da waɗanda suka ba da kuɗi, da waɗanda suka karanta rahoto suka kau da kai.

Ran 7 ga Disamba 1900 aka yanke magana a kan roƙonsa cewa majalisa ta kafa kwamitin bincike. Gwamnati ta ce binciken yana da hatsari, ba shi kuma da amfani. Majalisa ta bi gwamnati, aka ƙi. Ma'aikatar ƙasashen mallaka ta yi nata binciken a cikin gida, ta rufe shi a 1902. Aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa kan mutanen nan biyu.

Ku lura da dabarar nan, 'yan'uwa. Mahaukaci ba a kai shi gaban alƙali, ba a kuma tambayar wanda ya aike shi. Da aka ce hauka ne, sai kowa ya wanke hannunsa, laifi ya koma kan rana. Ranar nan kuwa ita ce ke dukan kakanninmu a gona shekara da shekaru, ba ta sa sun rataye 'ya'yan mutane a itace ba. Vinye likita ne, ya san hauka, ya kuma san abin da ke faruwa da zuciyar mutum sa'ad da aka ba shi bindiga aka gaya masa ba mai tambayarsa.

Sauran kwanakinsa

A 1906 ya faɗi zaɓe, bai ƙara komawa majalisa ba. Wani da ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya koma gida ya huta. Tsakanin 1907 da 1909 gwamnati ta aike shi Afirka ta Arewa ya dubo mata al'amura. Ya zaga, musamman a Tunisiya, ya ga yadda aka ƙwace gonakin talakawa aka ba baƙi da manyan Paris, ya ga haraji yana tsotse makiyayi da manomi. Ya rubuta rahoto, aka ajiye shi a ƙarƙashin tari. Sai ya fitar da shi a jarida, a 1911 kuma ya mai da shi littafi mai suna Gumin Alkyabba. A cikinsa ya nuna begensa cewa wata rana al'umman da aka ci da yaƙi za su sami shari'ar gaskiya, su karɓi ƙasarsu.

Da babban yaƙin duniya na fari ya tashi a 1914, ya koma aikin likita yana jiyyar soja. Takobin da aka wasa a Afirka ya juyo gida. Faransa kaɗai ta rasa soja fiye da miliyan ɗaya, a cikinsu har da dubban 'yan Afirka da aka kwasa. Bayan yaƙin, wajen 1923, ya sake rubutu a kan yadda manya suka yi wasa da ran ƙananan soja.

A tsufansa ya yi tarayya da masu cewa a kawar da kowace irin gwamnati, ya kuma bi waɗansu ra'ayoyi da mu ba mu bi ba. Ya mutu a Okton ran 20 ga Nuwamba 1943, yana da shekara 84. A lokacin nan sojan Jamus suna mamaye da Faransa, ƙasarsa tana ɗanɗana abin da ta ɗanɗana wa wasu. Bayan shekara 17 Nijar ta sami 'yancin kai, a 1960. Bai gani ba. A ransa bai taɓa cin nasara a majalisa a kan maganar nan ba, ba a kuma hukunta kowa saboda jinin Ƙonni ba. Amma abin da ya rubuta yana nan, masu binciken tarihi suna komawa gare shi har wa yau.

Abin da za mu ɗauka

Wani zai ce, me ya sa za a kawo mana labarin mutumin da bai bi hanyar ikilisiya ba? Amsa ita ce, labarinsa yana tambayarmu. Idan wanda ba ya riƙe da Littafi Mai Tsarki ya kasa yin shiru a kan jinin baƙi, mu da muke karanta labarin jinin Habila a Farawa sura 4, wane dalili za mu kawo?

Na fari, iko amana ne. Romawa sura 13 ta koya mana mu girmama mahukunta, mu biya haraji, gama an sa su domin su tsare mai kirki su hana mugu. A nan ba mu tare da Vinye a ra'ayinsa na tsufa, domin garin da ba mai hukunci na mai ƙarfi ne. Amma wanda ya ba da amana yana bisa wanda aka ba. Sa'ad da Sarki Ahab ya ci gonar Nabot ta wurin shaidar zur da kisa, Allah ya aiki Iliya ya tare shi a cikin gonar, kamar yadda yake a 1 Sarakuna sura 21. Hatimin sarki yana kan wasiƙun da suka kashe Nabot, duk da haka kisa ne.

Na biyu, umarni ba ya ɗauke wa mutum alhaki. Nasara tara kaɗai ba za su iya ƙone Birnin Ƙonni ba. Hannuwan da suka kunna wutar baƙaƙe ne kamar namu. Da sojojin nan suka ƙi biyayya a Maijirgi, cikin kwana biyu abin ya watse. Ina ma sun ƙi tun a Sansanin Hausa. Ku tuna da ungozoma biyu na Fitowa sura 1, Shifra da Fu'a, waɗanda Fir'auna ya umarta su kashe jarirai, suka ƙi saboda tsoron Allah. Iyaye, in ɗanku zai shiga soja ko jandarma ko ɗan sanda, ku zaunar da shi kafin ya tafi. Ku karanta masa Luka 3:14, inda Yohanna Mai Baftisma ya hana soja ƙwace da ƙazafi. Ku gaya masa akwai umarnin da ɗan gidan nan ba ya bi, ko da zai rasa kakinsa.

Na uku, laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Vinye laifin ƙasarsa ya tona, shi ya sa maganarsa ta yi masa tsada. Yana da sauƙi mu zauna a gindin itace mu la'anci Vule. Amma sa'ad da shanu suka shiga gonar wani, samari suka taru da dare suka ce za su ƙone rugar gaba ɗaya, mene ne bambancin wannan da horon da jirgin igwa yake yi? A 1991, a Toda ta nan jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba Nasara a wurin. A irin daren nan ana bukatar dattijo ɗaya da zai tsaya a bakin hanya ya ce a'a, ko da 'yan garinsu za su kira shi matsoraci. Haka kuma sa'ad da mai iko ya sa ido a kan gonar gwauruwa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Na huɗu, kada labarin nan ya haifar mana da ƙiyayya. Vule Bafaranshe ne, Klobb da ya hana harbi Bafaranshe ne, Vinye ma haka. Ƙasa ɗaya ta haife su. Zuciyar Vule tana iya tsirowa a kowane gida, har da namu, in ta sami bindiga da wanda zai rufa mata asiri. Domin wannan ne kowane mutum yake bukatar sabuwar zuciya daga wurin Almasihu, wanda ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa cikin kube a daren da aka kama shi.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai ta Maijirgi, ka nuna wa yaranka kaburburan nan. Ka gaya musu sunayen garuruwan da aka ƙone. Ka kuma gaya musu akwai wani likita, ɗan mai gashin burodi, wanda ya faɗi gaskiya a gaban majalisa aka ƙi shi, ya ci gaba da faɗi har tsufansa. Sa'an nan ka tambayi kanka ko akwai wani zalunci a garinku da ka sani, wanda har yanzu ba ka buɗe baki a kai ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne ka san sunan kowane yaro da aka kashe a hanyar nan, ko da mutane ba su rubuta ba. Ka ba mahukuntanmu tsoronka. Ka tsare 'ya'yanmu masu ɗaukar bindiga daga zub da jinin marar laifi. Ka gafarta mana shirun da muka yi a inda ya kamata mu yi magana, ka ba mu ƙarfin hali da tawali'u. Ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu. Amin.